Abu ɗaya a kan bango: yadda ake tsara fuskar littafin bin diddigi na matasa

Mai zanen bangon littafin soyayya aikinsa da sauƙi, abin da ke ciki shi zai fito da shi waje ya ƙawata. Wanda aka ba bangon labarin bin diddigi kuwa an ɗora masa aiki mai cin karo da kansa. Abin da ya fi komai daɗi a littafin, wato wa ya aikata, me ya sa, kuma ina aka ɓoye, shi ne aka hana shi nunawa. Duk da haka an ce ya sa yarinya 'yar shekara 15 ta tsaya, ta ɗauki littafin, ta juya bayansa ta karanta. Ya nuna da yawa, ya fasa ƙwai tun ba a buɗe shafin farko ba. Ya ɓoye da yawa, ba wanda zai san littafin na mene ne, balle ya sa hannu a aljihu.

Mafitar da masu wannan sana'a suka daɗe da ganowa ita ce alama, wato a ɗauko abu guda daga cikin labarin a kafa shi a bango ya tsaya a madadin labarin duka. Mu Hausawa ba baƙonmu ba ne wannan tunani, don da shi muka tashi a dandali. "Baba na ɗaka, gemunsa na waje." Wanda bai san amsa ba yana ganin gemun, yana ta lalube. Ranar da aka ce masa wuta da hayaƙi ne, sai ya ga ashe tun farko ba a ɓoye masa komai ba, shi ne bai iya kallo ba. Haka bangon labarin bin diddigi ya kamata ya zama: ana karanta shi sau biyu. Kafin a shiga littafin tambaya ne, bayan an fito amsa ne, kuma zanen bai canja ba.

Abin da ya rage shi ne wace alama, kuma wa zai karanta ta. Nan ne mafi yawan bangunan da nake gani suke sakin layi.

Me ya hana a sa fuska kawai?

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika kasuwannin Arewa, idon mai karatun Hausa ya saba da fuskar mace a bango, da farko zanen hannu, daga baya hoto. Wannan salo ya yi aikinsa, ya sayar da littattafai ba adadi, ba ni da abin zarginsa. Sai dai ya bar wani tabo: duk littafin Hausa da aka ga budurwa da kwalliya a bangonsa, hukuncinsa ya riga ya fita, na soyayya ne, ko da kuwa labarin satar jarabawa ne a ciki.

Ga littafin matasa wannan hukunci yana da tsada, domin matashi ba shi kaɗai yake yanke shawarar abin da zai karanta ba. A gida irin na Sakkwato, ko a Mabera ne ko Gidan Igwai ko Runjin Sambo, littafi sai ya ratsa ta gaban uwa, ya ratsa ta gaban yaya, wani lokaci har kaka ta ɗaga shi ta ce, "Mi an nan kuma?" A makarantar kwana sai ya tsallake malamar da ke binciken akwatuna. Mai kula da ɗakin karatu na makaranta, wanda shi ne zai iya sayen kwafi masu yawa a lokaci guda, da bango yake fara auna littafi, don ba shi da lokacin karanta kowanne. Sannan ga samari, waɗanda da yawansu sun gwammace a gan su ba littafi da a gan su riƙe da mai hoton budurwa. Bangon da ke ɗauke da abu maimakon mutum yana wuce duk waɗannan ƙofofi ba a tare shi ba.

Akwai kuma dalili na cikin labarin kansa. Da zarar an zana fuskar jaruma, an ƙwace wa mai karatu damar sa tasa fuskar a wurin. A labarin bin diddigi mai karatu shi ne mai bincike na biyu, yana tsere da jarumar wa zai riga gano gaskiya. Gara a bar masa gurbin.

Alamar aro

Buɗe manhajar zane ta Canva ka nemi bangon labarin bincike, za ta zubo maka gilashin ƙara girman rubutu, da mutum mai doguwar kwat da malafa cikin hazo, da zanen yatsa, da doguwar ledar nan mai ruwan ɗorawa da 'yan sandan Amurka ke zagaye wurin da aka yi kisa. Duk waɗannan alamu ne na gaske, amma a wurin waɗanda suka gaje su. Ɗan sakandare a Sakkwato da ya ga zanen yatsa, abin da zai fara faɗo masa shi ne dangwala ƙuri'a ko layin rajistar katin ɗan ƙasa, ba ɓarawo ba. Hazon Landan ba shi ne hazonmu ba. Namu ƙura ce ta hunturu, launinta tsakanin fari da ƙasa-ƙasa, kuma da rana tsaka take rufe gari, ba da dare ba. Mai zanen da ya iya fito da wannan hazo, ya sa inuwar mai babur tana ɓacewa cikinsa a kan gadar Kwalkwalawa ta Sakkwato, ya fi wanda ya kwafo titin Turai sanin aikinsa.

Mujiya ta fi ba ni dariya. A Turai tsuntsuwar hikima ce, shi ya sa take yawo a bangunan littattafan yara masu bincike. A nan kuwa kowa ya san yadda ake kallonta, kukanta a kan gida ba alheri ake fassara shi ba. Ka sa ta a bango da nufin jarumarka mai kaifin basira ce, mai saye ya ɗauka labarin mayu ne. Idan labarin mayun ne, to madalla, ta yi daidai.

Launi ma haka yake, sabo ne ke ba shi ma'ana. Kamfanin Mondadori na Italiya ya fara fitar da labaran laifi cikin bango mai ruwan ɗorawa a 1929, har launin ya zama sunan irin wannan adabi a ƙasar. Penguin a Ingila, da ya fara a 1935, kore ya ware wa labaran laifi, ruwan lemo ga sauran ƙagaggun labarai. Gallimard a Faransa ya zaɓi baƙi a 1945. Ƙasashe uku, launi uku, nau'in labari ɗaya. Babu wanda aka saukar daga sama, nacewa aka yi a kai har masu karatu suka haddace. Mu ba mu da irin wannan launi tukuna, wanda yake nufin fili a buɗe yake, amma a shiga da lura. Baƙi a wurinmu ba shi ne launin makoki ba, likkafani fari ne. Ja da kore idan suka haɗu a tufa, dogarin sarki ake gani. Kore tsantsa da rubutun ruwan zinari kuwa, ko ba a faɗa ba, an ajiye littafin a layin littattafan addini.

Ba kuma kowace alama ta gida ce ke aiki ba. Dagin Arewa, tun da aka ɗauke shi tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ya hau ƙofar gida, ya hau hula, ya hau kalanda da katin biki. Yanzu ba abin da yake cewa sai "wannan na Arewa ne", kuma mai karatun da ke Sakkwato ya riga ya san inda yake. Haka ƙofar gari, haka hoton Hubbaren Shehu ko fadar Sarkin Musulmi. Suna gaya maka wurin da labarin ya faru, ba su tambayarka komai. Hubbare ma yana da nasa nauyin, wurin ziyara ne, ba na ganin dacewar a jingina shi da labarin sata don kawai a ce an sa Sakkwato a bango.

A gwada da labari guda

Magana a iska ba ta kama hannu, saboda haka bari mu ƙaga labari mu yi aiki a kansa. A ce wata marubuciya ta kawo littafi mai suna "Fallen da Ya Ɓace". Wani dattijo ya rasu a cikin tsohon gari, ya bar gafaka ɗauke da tsoffin takardu na rubutun hannu. A cikinsu akwai falle ɗaya da ke nuna wanda aka bar wa wata fadama a bakin gulbin Rima, kuma ranar rabon gado aka neme shi aka rasa. 'Ya'yansa maza suka fara zargin juna. Jikarsa, 'yar aji biyar a sakandare, ita ta lura da abin da manya ba su lura da shi ba. Irin waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, falle-falle ake tara su, kuma magabata kan rubuta kalmar farko ta falle mai zuwa a can ƙasan wanda ke hannu don kada jeri ya rikice. Yarinyar ta ga kalmar da ke ƙasan wani falle ba ta dace da farkon na bayansa ba, ta tabbata cire shi aka yi. A ƙarshe ta gano kakarta ce ta farke shafin fatar da ke cikin gafakar, ta cusa fallen, ta sake ɗinkewa, don tana tsoron abin da ke rubuce zai raba 'ya'yanta.

Me za a sa a bango? Abin da zai fara zuwa wa kowa shi ne yarinya riƙe da tocila tana leƙa ɗaki mai duhu. Ba laifi, amma za a iya liƙa shi a kan kowane labari. Na biyu shi ne fadamar, sai dai shinkafa da ruwa ba su tayar da tambaya, za a ɗauka littafin noma ne. Na uku hannun tsohuwa da allura, wannan kuwa ya tona asiri ƙarara, duk mai wayo ya gama littafin a tsaye. Na huɗu yana da jan hankali: yawancin takardun da malamanmu suka yi rubutu a kansu a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya aka kawo su, kuma idan ka ɗaga falle ga haske za ka ga jinjirin wata guda uku a jikinsa. Kyakkyawan zane zai yi. Amma jinjirin wata a bango, ga mai wucewa, littafin azumi ne ko na tarihin Musulunci, kuma ba ya cikin abin da ya warware labarin. Alamar da ba ta da aiki a labari ado ce kawai.

Ni gafakar zan zaɓa, ita kaɗai, a tsakiyar bango, ba ɗaki, ba mutum, ba inuwar kowa. Jar fata, ɗinkinta duka da zare ɗaya mai duhu kamar yadda dukawa suke yi, in ban da wani ɗan layi a gefen ƙasa, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da aka ɗinke da farin zare, ɗinkin ma a karkace, na hannun da bai saba da fata ba. Wanda bai karanta ba zai ga tsohuwar jaka da aka yi wa gyara, amma idonsa zai riƙa komawa kan farin zaren ba tare da ya san dalili ba. Wanda ya kai shafin ƙarshe zai rufe littafin ya ga ashe fallen da aka yi ta nema tun daga babi na ɗaya yana ƙarƙashin babban yatsansa. Wannan ɗan bugun zuciya shi ne zai sa ya miƙa wa abokinsa littafin ya ce, "Duba bangon da kyau," ya yi shiru.

Ga kuma wata riba da gafakar ta zo da ita ba a roƙe ta ba. Jar akuyar Sakkwato sananniya ce a duniya saboda fatarta. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, kuma shekaru aru-aru fatake suna ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, inda ake yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Ke nan jar fata a bangon littafin da aka rubuta a Sakkwato ba aro ba ce, kayanmu ne ya dawo gida. Mai karatu ba ya bukatar sanin wannan tarihi kafin bangon ya yi masa aiki. Wanda ya sani ya sami ƙari.

Sharaɗin duk wannan shi ne mai zane ya san ƙarshen labarin. Marubuta da yawa suna ƙyashin faɗa, sai su aika sunan littafi da layi biyu ta WhatsApp su ce, "Malam, a yi mini mai kyau." Wanda bai san inda aka ɓoye abu ba, ta yaya zai nuna wurin ba tare da ya nuna ba? Ko dai ya karanta littafin, ko a zauna da shi a warware masa komai. In ana tsoron bakinsa, a nemi wani.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Tunda labarin na tsoffin takardu ne, hannu zai yi ƙaiƙayin watsa rubutun ajami ko na Larabci a bayan gafakar don ya ba da armashi. A yi hattara sosai. Bangon littafi ƙarshensa ƙasa, ko ƙarƙashin katifa, ko hannun mai ƙosai. Aya ko sunan Allah ba su da wuri a kansa, kuma a gari irin Sakkwato, inda yaro ƙarami ma zai iya karanta abin da aka rubuta, ba za a ɗauke shi a matsayin ado ba. Idan lalle ana son rubutu ya leƙo daga bakin gafakar, a sami mai kyakkyawan hannu ya rubuta jimla ta yau da kullum da ajami, daga cikin labarin, a ɗauki hotonta. Abin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke fitarwa da sunan rubutun Larabci yawanci shirme ne, haruffa ne da ba su haɗa kalma ba, wani lokaci kuma su yi kama da abin da bai kamata ba. Su ne dai masu naɗa wa Bahaushe rawanin Indiya. Ana iya amfani da su a gwada tunani, a ga yadda launi zai zauna, amma gafaka ta gaske tana nan wurin dukawa, a saya ko a ara, a ɗinka farin zaren da hannu, a ɗauki hoto da hasken safe a kan farar takarda. Zai fi kowace na'ura gaskiya.

Laya da hatimi ma suna da nasu saƙon. Da an gan su an tafi ga tsibbu da aljanu. Labarin bin diddigi kuwa alƙawarinsa shi ne hankali zai warware komai, ba iska ba. Idan bango ya yi alƙawarin aljani, littafi ya kawo kaka da allura, mai karatu zai ji an yaudare shi.

Daga kwamfuta zuwa takarda

Sai rubutu. Yawancin samfuran haruffa masu ƙayatarwa da ake saukewa daga intanet ba su da ƙ, ɗ, ɓ, balle manyansu. Abin da ke faruwa shi ne ko dai harafin ya fito akwati fanko, ko kwamfuta ta aro shi daga wani samfurin ya tsaya daban cikin 'yan'uwansa, ko mai zane ya gaji ya rubuta "Bace" a maimakon "Ɓace". Littafin da ake fatan malaman Hausa su sa ɗalibai su karanta bai kamata ya fara da kuskuren rubutu a goshinsa ba. Kafin a ƙaunaci kowane samfuri, a fara buga masa waɗannan haruffa a gani. In babu su kuma an nace, mai zanen da ya ƙware a manhajar CorelDraw zai iya zana lanƙwasar da hannu. Haruffan nan masu ɗigar jini kuwa a bar wa fastar fim ɗin tsoro. Idan alama tana magana a hankali, suna ya fito baro-baro, a sarari, samfuri ɗaya ko biyu sun isa.

A tuna kuma yawancin matasa a waya za su fara ganin bangon, a sitatus na WhatsApp ko a Facebook, wani lokaci bai fi girman kan sarki na wasiƙa ba. Wattpad ma, dandalin karanta labarai na intanet, girman da yake nema fiksel 512 ne a faɗi, 800 a tsawo. A nan ne abu ɗaya yake cin nasara a kan tarkace. Bangon da aka cusa wa yarinya da gida da wata da mota da wuƙa, in ya ƙanƙance sai ya zama dabbare-dabbare. Jar gafaka a kan fili mai haske ana gane ta ko daga nesa. Farin zaren ne abin dubawa: a rage hoton a waya a gani, in ya ɓace a ƙara masa kauri, amma kada ya kai ga yin ihu.

Wurin bugawa shi ne inda kyawawan banguna da yawa suke mutuwa. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu yake yi, wanda masu ɗab'i ke kira CMYK. Jan da ke walƙiya a waya yakan fito a takarda ya dushe, ya koma kamar hanta. Mai maɗaba'a na kirki zai faɗa tun da wuri, "Malama, wanga ja ba shi hita haka ga takarda." A saurare shi. A mayar da aikin CMYK tun daga farko, a nemi a buga gwaji ɗaya a riƙe a hannu kafin a ce a ci gaba, ko da a Kano ko Kaduna ko Legas za a buga a aiko. Hoto ya kasance ɗigo 300 a kowane inci. Ga littafi mai girman A5, wato milimita 148 da 210, bangon gaba kaɗai yana neman kusan fiksel 1748 da 2480. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, sai an tura shi a matsayin fayil.

Lissafin faɗin bango ba shi da wuya amma ana yawan yin sa da ka. Takarda mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita kaurin falle ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Littafi mai shafi 160 falle 80 ke nan, ƙashin bayansa wajen milimita 8. A haɗa gaba da baya da ƙashin baya, a ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta bin layi daidai, sai a sami kusan milimita 310 a faɗi, 216 a tsawo. In an canja takarda zuwa giram 70 lissafin ya canja, shi ya sa ake tambayar mai bugawa kafin a zana ƙashin baya, ba bayan an gama ba. A bayan littafin a bar gurbin lambar shaidar littafi ta ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Nijeriya. Sauran filin na 'yan layukan jan rai ne, su ma kada su fi bangon surutu.

Yanayin garinmu ma yana da ƙuri'a. Baƙin bango marar sheƙi yana da kyau ranar da ya fito daga kwali, amma a ajiye shi mako guda a teburin mai sayar da littattafai a Babbar Kasuwa lokacin hunturu, kowane yatsa da ya taɓa shi sai ya bar shaida. Rana kuma, wadda a watan Afrilu zafinta kan haura digiri 40, ja da ruwan ɗorawa take fara ci. Dubi fastocin 'yan siyasa da suka kwana biyu a bango, duk sun koma shuɗi-shuɗi. Bangon da ƙarfinsa duka yake kan ja yana bukatar leda mai kyau a kansa, kuma a zana shi yadda ko jan ya kwanta, bambancin duhu da haske zai riƙe siffar gafakar da farin zarenta. Hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce a buga shi baƙi da fari a kowane shagon fotokwafi. In har yanzu ana gane komai, zai jure.

Kafin a kai maɗaba'a, akwai gwajin da ya fi ra'ayin marubuci da na mai zane, don su biyun sun san amsa, idonsu ya lalace. A sami 'yan sakandare kaɗan, maza da mata, waɗanda ba su san labarin ba, a nuna musu bangon na ɗan lokaci a ɗauke. Kada a tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. A tambaye su labarin mene ne a ciki, kuma me suka fi tunawa. In suka ce littafin tarihi ne ko na addini, to gafakar ta yi nauyi, sai a sassauta ta da launin fili mai ɗan zafi ko da salon rubutun zamani, ko a ƙara layi ɗaya ƙarƙashin suna da zai nuna an yi sata. In wani ya ce, "An ɓoye wani abu cikin ɗinkin nan," zaren ya yi yawa, a rage. Abin da ake nema shi ne su ce akwai abin da ya ɓace, su tuna da farin zaren, amma su kasa haɗa biyun. Yana da kyau a nuna wa uwa ɗaya da malami ɗaya, a ji ko za su bar littafin ya shiga gida da aji.

Saura batun haƙƙi, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai rigima ta tashi. Ɗauko hoton 'yar fim ko na wata baiwar Allah daga Instagram a liƙa a bango ba tare da izini ba, ban da rashin kyautawa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare hotuna da zane kamar yadda ta kare rubutun marubucin kansa. Bangon alama ya kuɓuta daga wannan tun da gafaka ba ta kai ƙara, amma tsakanin marubuci da mai zane ma a rubuta yarjejeniya ko ta rabin shafi ce: an biya don bugu ɗaya ne ko har abada, za a iya amfani da zanen a fasta da intanet, kuma wa zai riƙe ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa. Labaran bin diddigi na matasa sukan zo a jere, jaruma ɗaya, matsala sabuwa. In littafi na biyu ya zo, za a so suna ya zauna inda ya zauna, haruffa su zama su ne, fili ya zama shi ne, abin tsakiya kawai za a canja, yau gafaka, gobe kwaɗon da aka buɗe ba a fasa ba. Marubucin da bai karɓi fayil ɗinsa ba, ranar da mai zane ya canja lamba ko kwamfutarsa ta mutu, sai dai ya sake biyan wani ya kwaikwayi bangon littafinsa daga hoto.